Baƙin da Kati Ba Ya Iya Ɗauka

A gidajen adana zane na Turai, hanyar fita takan ratsa ta cikin shago. Mutum ya gama kallon zanen da ko attajiri ba zai taya ba, sai ya sayi hotonsa a kan ɗan kati, ya rubuta gaisuwa a baya ya kai gidan waya, ko ya manna a bangon ɗakinsa. Har zanen da ba kowa ba komai a cikinsa sai baƙi ana buga masa kati. Kazimir Malevich ya nuna baƙin murabba'insa a Rasha a 1915, ya rataye shi can sama a kusurwar ɗaki, inda Kiristocin ƙasar ke ajiye hotunan waliyyansu. Ad Reinhardt na Amurka ya ƙare shekarunsa na ƙarshe, har rasuwarsa a 1967, yana zana baƙaƙen murabba'ai waɗanda sai ido ya daɗe a kansu sannan ya gane gida tara ne, kowanne da irin baƙinsa. Pierre Soulages na Faransa kuwa, daga 1979 har ya bar duniya a 2022 yana da shekara 102, baƙin fenti mai kauri yake shimfiɗawa, ya bi shi da tsaga da kunya, don haske ya riƙa zamewa a kai duk lokacin da mai kallo ya gusa.

Wannan shi ne abin da kati ya kasa. Na'urar ɗab'i ta tsayar da haske wuri guda, takardar kuma sumul take, sai a wayi gari da tabon baƙi kawai.

Bakano bai buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mabuga a garin Kura ya san yadda ake tsoma sawaye a baba har su yi baƙi ƙirin, a barbaɗa shuni, a ɗora kan gungume, a yi ta dukansu da tabarya har su ɗauki walƙiya. Rawanin ɗan Kura a kan Buzu ko basarake ba launi ɗaya ne ba: ya juya hagu ka ga baƙi, ya juya dama ka ga wani ja-ja yana ƙyalli kamar ƙarfe. Ɗauki hotonsa ka gani, rabin kyansa ya tafi. Ni a ganina Soulages da mabugan Kura abu ɗaya suka gano, sai dai shi an gina masa gidan tarihi a Rodez a 2014, su kuma sana'arsu na ta ja da baya.

A nan Accra baƙi yana da wani nauyin daban. Ranar Asabar, daga New Town zuwa Kokomlemle, za ka ga rumfuna da jama'a sanye da baƙi da ja, makoki ake yi. Mu da muka saba da farin likkafani da zaman ta'aziyya cikin kayan yau da kullum, sai mun daɗe kafin ido ya saba. Ga kuma baƙar tauraruwa a tsakiyar tutar ƙasa tun 1957, alamar 'yancin baƙar fata. Saboda haka in ka miƙa wa maƙwabcinka Ba'ashante baƙin kati, abin da zai fara tambaya shi ne wa ya rasu.

Cikin zango kuwa, wato unguwanninmu na Musulmi, wata amsar na samu. Na nuna katin Soulages ga wani dattijo mai ɗinkin hannu a Nima. Ya karkata shi wajen ƙofa, ya shafa da yatsa, ya ce, "Ɗana, wannan ai allo ne da yaro ya zubar wa tawada. Ina rubutun?" Na ce, "Baba, babu rubutu, hasken da ke sauka a kai ake kallo." Ya ce to a kawo na ainihin, wannan ba ya motsi. Tambayarsa tana da tushe. A makarantun allo na Nima da Mamobi, kamar na Kano da Zariya, baƙi tawada ce ta gawayi da ƙaro, aikinta ɗaukar harafi. A rubuta, a haddace, a wanke. Ko allon zayyana na ranar sauka, mai cike da gidaje da layuka ba siffar mutum ko dabba, ɗaya ake yi wa ɗalibi ɗaya, ba a buga shi dubu. Abin da ake bugawa da yawa a zango shi ne kalanda da hoton Ka'aba, da na Shehu Ibrahim Inyass, da na Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu. Ana rataye su ne don ƙauna da neman albarka.

Amma Nima ba ta rasa masu zane ba. Kwesi Botchway, wanda aka haifa a unguwar a 1994, yana zana fuskoki baƙi wuluk, ya ratsa su da shuɗi mai ja-ja har fatar ta riƙa haske, kuma Gallery 1957, wadda aka buɗe a 2016 cikin otal ɗin Kempinski, ta nuna ayyukansa. Mohammed Awudu shi bango ne takardarsa. Abin da ke damuna shi ne, zanen da ya shiga irin wancan zauren yakan wuce gidan mai kuɗi ko ya haye teku, yaron da ke tallar ruwa a layin da mai zanen ya tashi kuma sai dai ya hango shi a fuskar waya, in yana da data.

Shi ya sa, duk da gazawar kati, nake ƙyashin Turawa da wannan al'ada tasu. Katin bai kawo zanen ba, amma ya sa dattijon nan ya nemi ganin na ainihin. Injinan ɗab'i ba su yi ƙaranci a New Town ba, layi-layi suke, dare da rana suna fitar da fostar jana'iza da katin biki da kalandar 'yan siyasa. Da masu zanen Nima da alarammomin da suka iya zayyana za su yarda, waɗannan injinan sun isa su buga ayyukansu a sayar a kasuwar Nima, a kan kuɗin da ɗan makaranta zai iya cirewa daga na tara.