Rumbun Zumunta Da Littafin Magatakarda

Yau labarin wata kunya da na sha zan ba ku, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Da na gama kwalejin horon malamai, sai aka aike ni wani ƙauye a ƙasar Adamawa in koyar a firamare. Ban cika wata biyu ba matan ekklesiyarmu suka naɗa ni magatakardar Zumuntar Mata, wai tun da alƙalami ya zo gari. In faɗi gaskiya, a lokacin ban ɗauki Zumunta a bakin kome ba. A ganina aikin tsofaffi ne, a ɗaura zane iri ɗaya, a kaɗa tulu, a yi waƙa ran Lahadi, shi ke nan. Na karɓa dai don kada a ce sabuwar malama tana da girman kai.

Ashe waƙar ita ce ƙaramin aikinsu. Ekklesiyarmu, watau Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, ta soma ne a Garkida cikin 1923, kuma ƙauyen da duk kika shiga cikin namu za ki tarar matan nan ke riƙe da rabin wahalar gari. Su ke ɗebo wa mai jego ruwa da itace. Su ke kwana gidan makoki suna tuƙa tuwon baƙi. Su ke fita gayya gonar gwauruwa, su share harabar ɗakin shan magani, ba mai biyansu ko anini. Bayan kaka kuma kowace mace takan kawo dawa mudu biyu, a zuba a wani rumbu, ba a buɗe shi sai cikin Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba.

Wannan rumbu shi na sa wa ido. Na tarar ba a rubuta kome, wata ta karɓa sau biyu, wata an manta da ita. Na sayi littafi, na ja layi, na rubuta sunan kowace gwauruwa ta ekklesiya da yawan 'ya'yanta. Har yau ban yi da-na-sanin wannan ba, gama alheri marar lissafi mai bakin magana ke cinye shi.

Ran rabo, sai wata tsohuwa ta ce akwai wata mata a bakin gari, Musulma, 'yar gudun hijira daga wajen Madagali, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, itace take sayarwa. Ta ce a sa ta. Ni kuwa na buɗe littafina na ce sunanta ba ya ciki, ga namu goma sha ɗaya, dawar da ƙyar za ta kai su. Ba ƙarya na yi ba. Wata gwauruwa kuma, wadda 'yan Boko Haram suka kashe mijinta, ta tashi ta goyi bayana da wata magana mai zafi wadda ba zan maimaita a nan ba. Ɗaki ya yi tsit.

Sa'an nan Mama Shugaba ta dube ni ta ce, "Malama, 'yata, shekarunki nawa da aka ci Mubi?" Na ce goma sha huɗu, Mama, gama cikin Oktoba 2014 ne, ina makaranta a wani gari nesa da wurin. Ta ce, "To, ni da ƙafa na fita. Wadda ta ba jikana nono a daji Bafillatana ce, ba ta tambaye ni inda nake sujada ba. Da muka isa Yola, a harabar majami'ar Katolika ta Santa Teresa muka kwana, mu dubbai. Mu ba Katolika ba ne, amma ba wanda ya buɗe mana littafi." Ta tuna mana kuma yadda Bishop Stephen Mamza ya gina wa waɗanda suka kasa komawa gida gidaje 86 a Sangere-Marghi, aka buɗe cikin 2021, har da masallaci domin Musulmin da ke cikinsu, ko da yake waɗansu sun yi ta gunaguni. Ta ce, "Rubuta ta."

Kai! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na rubuta. Aka rage wa kowace gwauruwa mudu ɗaya, kuma kada ku ce ba su ji ba, mudu ɗaya cikin Agusta tuwon kwana ne ga mai yara. Matar nan da ta yi magana ta ɗauki nata ta fita ba sallama.

Ni aka ɗora wa kayan, wataƙila da gangan. Matar ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta yi ta sa albarka har na rasa inda zan sa idona. Can na hangi babbar 'yarta, mai shekara kamar tara, tana fasa itace. Ba ta taɓa shiga aji ba. Muka yi magana da uwar, ta ce sai ta yi shawara, gama yarinyar ce hannunta. Bayan girbi ta kawo ta, yanzu tana ajina, ta iya rubuta sunanta.

Gwauruwar da ta yi fushi ta yi mako uku ba ta zo taro ba. A na huɗu ta shigo, ta ɗauki tulunta ta zauna wurin da ta saba. Ba ta ta da maganar ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Sai mako mai zuwa.