Burin Haihuwa Bayan Ciwon Dajin Ƙuruciya

Dattawan da suka daɗe suna sasanta ma'aurata sun san cewa jinyar da aka yi wa yaro yana ɗan shekara bakwai tana iya dawowa ta zauna a tsakar gidansa yana ɗan shekara talatin. Ciwon dajin yara ba baƙo ba ne a Afirka, musamman nau'in da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wanda yakan kumbura muƙamuƙi ko ciki, kuma ya fi yawa a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari na yaran da suka kamu da daji suna warkewa, alhali a ƙasashe matalauta da dama ba a kai kashi 30 ba, don haka duk iyayen da ɗansu ya tsira sukan ɗauka cewa magana ta ƙare.

Sai dai wasu magungunan da ke kashe ƙwayoyin daji, irin su cyclophosphamide, ba sa bambance ƙwayar cuta da ƙwayoyin da ke cikin maraina, waɗanda su ne tushen maniyyi idan yaro ya balaga, kuma gashin da ake yi da na'ura a kusa da mara yana irin wannan ɓarna. Abin da ke ruɗar mutane shi ne cewa ƙwayoyin da ke samar da sinadarin mazakuta sun fi juriya, saboda haka saurayi yakan fitar da gemu, muryarsa ta buɗe, ya yi aure ya sauke haƙƙin iyalinsa lafiya lau, amma ruwan ba iri a cikinsa. Ba kowa ne abin ke shafa ba, domin ya danganta da nau'in maganin da yawansa, kuma da yawa sun haihu ba tare da wani taimako ba.

A nan ne dattawa suka fi ganin zalunci, ko da ba da gangan ba. Iyaye sukan ɓoye wa ɗansu irin jinyar da aka yi masa, ko dai don kunya ko don takardun asibiti sun ɓace, sannan idan shekaru uku suka wuce ba ciki, matar ce ake kira juya, ita ake ɗura wa saiwoyi, ita ake yi wa kishiya, har sai amaryar ma ta yi shiru kafin wani ya tuna da allurorin ƙuruciya. Gwajin maniyyi, wanda ba ya buƙatar tiyata, da ya raba gardamar tun farko, amma namiji yakan ga kamar zubar da girma ne.

Likitanci ya buɗe wasu ƙofofi. Yaron da ya balaga ana iya daskarar da maniyyinsa kafin a fara magani, kuma tun 1992 likitoci a Beljiyam suka nuna cewa ƙwayar iri guda ta isa a cusa cikin ƙwan mace, ko da yake kuɗin ya fi ƙarfin talaka. Malaman Sunna, tun daga fatawar da aka fitar a Masar a 1980, sun halatta irin wannan aiki tsakanin miji da matarsa kawai, ban da irin wani namiji.

Wasu mazan kuma tsoro ne ke riƙe su, na kada su gadar wa ɗa cutar, alhali mafi yawan dajin yara ba a gadonsa, in ban da kaɗan irin su wani nau'in dajin ido. Waɗanda haihuwa ba ta zo musu ba sukan karɓi riƙon ɗan wa ko ɗan ƙane, yaron ya tashi da sunan mahaifinsa na asali kamar yadda shari'a ta tanada, amma mariƙinsa yake kira baba, kuma shi ne zai je nema masa aure.