Ɗakin Allah Za Ka Ko Ofis?

Jama'a, saura kwana biyu in tashi zuwa Umra, ina zaune a tsakar gidanmu a wani ƙauye kusa da Dambatta, jaka a buɗe, kwamfutar tafi-da-gidanka a kan cinyata. Babi 14 na littafin da nake rubutawa suna cikinta, kuma babu kwafinsu a ko'ina. Ganganci, na sani.

In na tafi da ita, caji ba matsala ba ne, domin soket ɗin Saudiyya mai baki uku ne irin namu. Amma ba a so a cusa ta cikin manyan kaya, saboda batirinta na iya kamawa da wuta. Ke nan tun daga filin jirgin Malam Aminu Kano a kafaɗata za ta zauna. A Makka kuwa in bar ta a masauki, ina ɗawafi zuciyata tana can.

In na bar ta a gida fa? Damina ce, ɗakina yana yoyo, ga 'ya'yan yayana da suka mayar da ita talabijin.

Inna tana ɓarar gyaɗa, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Kai yaron nan, ɗakin Allah za ka ko ofis?"

Washegari na hau babur zuwa Dambatta na sayo filashi, na kwafe littafin, na soke shi cikin jakar fasfo. Kwamfutar kuwa Inna ta naɗe ta da zane ta kulle a adakarta.

Babi na 15 a Madina ya zo mini, bayan sallar Asuba. Da biro na rubuta shi.