Ranar Da Ubuntu Ya Ɓace Daga Kwamfutata, Da Kundin Ƙanwata A Ciki

Yau darasin namu daga kaina zai fara, domin abin ni ya faru da ni, kuma saura ƙiris na yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Kamar yadda wasunku suka sani, kwamfutata manhajojin aiki biyu ne a cikinta, Windows da Ubuntu. In na kunna ta, wani baƙin allo ne yake fara fitowa ya tambaye ni wanne zan shiga. Wannan allon shi ake kira GRUB. Ƙanwata da ke ajin ƙarshe a jami'a ita ma da kwamfutar take rubuta kundin kammala digirinta, kuma a ɓangaren Ubuntu take yi, don ya fi sauri a tsohuwar na'urar tawa. Babi huɗu ta gama, ranar Litinin za ta kai wa malaminta.

Daren Alhamis sai saƙo ya fito cewa akwai sabuntawar BIOS daga kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Na ga akwai wuta, batir a cike, na danna na tafi na kwanta. Da safe na kunna, babu baƙin allo, babu tambaya, kai-tsaye sai Windows. Na kashe na sake kunnawa har sau uku, duk kanwar ja ce.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da na buɗe Disk Management. Ɓangaren da Ubuntu yake zaune ya nuna babu suna, babu harafi, kuma wai kashi 100 cikin 100 fili ne. Gabana ya faɗi. Ƙanwata tana tsaye a bayana ta ce, "Yaya, lafiya dai ko?" Na ce mata lafiya lau, ƙaramin abu ne. Alhali gumi ne yake keto mini.

Bayan sallar Juma'a na kai ta wajen wani mai gyara. Ya duba bai fi minti biyu ba ya ce, "Malam, wannan ai ya tashi. A yi mata fomat a sa sabo kawai." Har ya ɗauko filash ɗinsa. Allah ne ya taimake ni na ce ya dakata, zan dawo. Ba don na san mafita ba, sai don na kasa tunanin da wane baki zan gaya wa yarinyar nan aikin wata biyar ya tafi.

To ga abin da na gane daga baya, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. In allon zaɓi ya ɓace, kusan kullum fayilolinka suna nan daram. Hanyar shiga ce ta ɓace. Windows ba ya karanta tsarin ajiya na ext4 da Ubuntu yake amfani da shi, shi ya sa yake nuna wurin kamar babu komai. Rashin gani ne kawai, ba gogewa ba.

Bari in yi bayanin yadda abin yake. A kwamfutocin zamani masu UEFI akwai wani ɗan ƙaramin ɓangare a cikin ma'ajiya, yawanci daga 100MB zuwa wajen 500MB, mai tsarin FAT32, ana ce masa ɓangaren EFI. A ciki kowace manhaja tana da foldarta, Windows da tasa, Ubuntu da tasa. Sannan a jikin allon uwa na kwamfutar akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa, NVRAM, da ke riƙe jerin sunayen waɗanda za a kira idan an kunna, da wanda za a fara kira. Sabunta BIOS yakan mayar da saituna yadda suka fito daga kamfani, wani lokaci har ya share wannan jerin. Kamar a canza maka waya lambobinka su ɓace ne, mutanen suna nan a gidajensu, lambar kiransu ce babu.

Ga matakan da na bi, daga mai sauƙi zuwa mai ɗan wuya. Ku ajiye wannan rubutu a wayarku, don ranar da abin ya faru da wayar za ku karanta.

Mataki na farko, duba jerin tashi. Da zarar ka danna maɓallin kunnawa, ka riƙa danna maɓallin jerin: F9 a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo da Acer, Esc ko F8 a Asus. In ka ga "ubuntu" a jerin, ka huta. Zaɓe shi ka shiga, daga baya ka je saitin BIOS ka ɗaga shi sama da Windows Boot Manager. Mutane da yawa matsalarsu a nan take ƙarewa. Ni kam na duba, babu shi kwata-kwata.

Mataki na biyu, filash mai ɗauke da Ubuntu. Nan ne na ji kunyar kaina. Ina da irin wannan filash tun ranar da na saka Ubuntu, amma na goge shi na zuba bidiyon bikin abokina. Dole na tafi shagon wani abokina mai intanet mai ƙarfi, muka sauke Ubuntu 24.04, wajen 6GB, muka ɗora a filash mai 8GB da manhajar Rufus. Da Ventoy ma ana yi. In ka tashi kwamfutar da filash ɗin, ka zaɓi layin da aka rubuta UEFI a jikinsa, sannan ka danna "Try Ubuntu". Kar ka kuskura ka danna na sakawa, nan ne ake yin ɓarnar.

Mataki na uku, kwashe kayanka kafin ka taɓa komai. Ina shiga na buɗe manhajar fayiloli, na danna ɓangaren nan da Windows ya ce fili ne, sai ga folda home, ga sunan ƙanwata, ga babi huɗu reras. Wallahi sai da na yi hamdala da ƙarfi har na gida suka leƙo. Nan take na kwafe su a wani filash na daban, na kuma tura kwafi a wayarta. In foldar ta ƙi buɗuwa ta ce ba ka da izini, ka yi amfani da sudo cp -r a Terminal. Sai da na ga kundin ya buɗe a wayarta sannan na ci gaba.

Mataki na huɗu, gano ɓangaren EFI. Buɗe Terminal ka rubuta:

lsblk -f

Nemi ƙaramin ɓangaren da aka rubuta vfat a gabansa. A tawa nvme0n1p1 ne, wato ma'ajiya nvme0n1, ɓangare na 1. A taka yana iya zama sda1 ko sda2, don haka kar ka kwafi nawa ido rufe, kuma ka kula kar ka ɗauki filash ɗin da ka tashi da shi a matsayin ma'ajiyar. Ka tabbatar foldar Ubuntu tana nan:

sudo mount /dev/nvme0n1p1 /mnt
ls /mnt/EFI/ubuntu

Na ga shimx64.efi da grubx64.efi suna zaune lafiya. Shim ɗin shi ne mai sa hannun da Secure Boot ya yarda da shi, shi yake kiran GRUB. Sai na rubuta sudo efibootmgr don ganin jerin da ke NVRAM. Sunan Windows yana nan, na ubuntu babu. Cutar ta bayyana.

Mataki na biyar, mayar da sunan. Layi ɗaya ne:

sudo efibootmgr -c -d /dev/nvme0n1 -p 1 -L ubuntu -l '\EFI\ubuntu\shimx64.efi'

Ma'anarsa: -c ƙirƙiri sabon suna, -d wace ma'ajiya, -p ɓangare na nawa, -L sunan da zai fito, -l fayil ɗin da za a kira. Sabon sunan shi yake hawa kan jerin. Na cire filash, na sake kunnawa. Baƙin allon nan da a da nake ganin muninsa ya fito, ban taɓa murnar ganinsa kamar ranar ba. Gyaran kansa bai kai minti goma ba. Neman filash ne ya ci mini yini guda.

In ka duba ka tarar foldar ubuntu ɗin ce babu, ko fayilolin ciki sun lalace, to wannan layin ba zai wadatar ba, sai an sake saka GRUB. Mafi sauƙi ga sabon shiga shi ne manhajar Boot-Repair, ana saka ta a cikin filash ɗin in akwai intanet, a danna "Recommended repair".

Akwai wata 'yar matsala da kan biyo baya: Ubuntu ya dawo amma Windows ba ya cikin jerin GRUB. Tun daga GRUB 2.06 ake zuwa da mai binciko sauran manhajoji a kashe. Buɗe fayil ɗin /etc/default/grub, ƙara wannan layin a ƙasa:

GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false

Sai ka rubuta sudo update-grub. Windows zai dawo jerin.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: in Windows ɗinka yana da BitLocker, taɓa saitin BIOS ko Secure Boot yana iya sa ya nemi lambar ceto mai lambobi 48. Galibi tana cikin asusunka na Microsoft, kuma da waya ma za ka iya shiga ka gani. Ka nemo ta yau ka rubuta a takarda, tun kafin ka buƙace ta. Haka kuma kafin ka sabunta BIOS, shiga saitin ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka, musamman jerin tashi, Secure Boot, da saitin ma'ajiya na AHCI. In an mayar da su na kamfani, hotunan za su nuna maka yadda suke a da.

Da na zauna na yi tunani, ba sabuntawar ce ta kusa cin kundin nan ba. Sabuntawa ta goge layi ɗaya ne, wanda layi ɗaya ya mayar. Sakacina ne: aikin wata biyar a wuri ɗaya tak, babu kwafi ko ɗaya, filash ɗin ceto kuma na cika shi da bidiyon biki. Da na ce wa mai gyaran nan "to, yi", shi ke nan, da hannuna na ba da izini.

Ranar Litinin ƙanwata ta kai kundinta. Yanzu duk dare sai ta tura kwafi Google Drive kafin ta kwanta, in na manta ma ita take tuna mini nawa. Filash ɗin kuwa na manna masa takarda na rubuta "Kar a taɓa", yana cikin jakar kwamfuta.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk mai manhaja biyu a kwamfutarsa ya tanadi filash ɗin nan tun yau. Wanda kuma abin ya riga ya same shi, kar ya yi fomat tukuna. Ya ɗauki hoton allon da wayarsa, da sakamakon lsblk -f, ya turo mana mu duba tare. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu da wahalarmu, amin.