Gayyar kacala a tafkin Nguru

A zamanin ƙuruciyarmu tafkin Nguru yana da lokacin cika, yana da lokacin janyewa, kuma da wannan kowa a garinmu yake tsara shekararsa. Ƙarshen damina ruwa ya taso daga Haɗeja, ya biyo ta hanyar ruwan Marma ya mamaye fadama, masu shinkafa su yi ta godiya. Da ya fara ja da baya, mai wake ya bi sawunsa yana shuka a danshi, Fulani su sauko da shanu, masunta su kwashi tarwaɗa da ƙarfasa a kududdufan da ya bari. Bandar kifi kuwa kwando-kwando ake kai ta tashar jirgi, ƙarshen layin dogon da ya iso daga Kano tun 1930. Da sanyi agwagin ruwa na Turai su rufe tafki. Su ne ma suka kawo mijin Sarauniyar Ingila Dagona a 1989.

Ruwan nan shi muke sha. Ka kawar da ganyen bado da bayan hannu, ka kamfata da ƙoƙo. Ban ce babu cuta a cikinsa ba, don tsargiya tsohuwar baƙuwarmu ce. Amma ruwa ne mai tafiya, ba ya wari.

Ba dare ɗaya ciyawar kacala ta ci mu ba. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, sai kogin Haɗeja da ya saba ƙafewa da rani ya koma yana tsiyaya shekara duka da ruwan da ake saki daga sama, ambaliya mai ƙarfi da ke share laka kuma ta yi rauni. Abin da kacala ke so ke nan: ruwa marar zurfi wanda ba ya ɗaukewa. Ta yi tsawo ta wuce kan mutum, ta toshe kogin Burum Gana da tsohuwar hanyar kogin Haɗeja, ruwa ya rasa mafita ya jibgo ta Marma. Mu gonakinmu sun nutse, mutanen Gashuwa kuma suna kukan ƙarancin ruwa. Ruwan da ya kwanta a cikin ciyawar ya yi baƙi yana warin ruɓa, sauro da katantanwa suka samu gida, jan baki ya kwana a kacala ya wayi gari a gonar shinkafa.

Abin da na fi kewa shi ne gayyar da ta biyo baya. Bulamomin garuruwan bakin ruwa da sarakunan ruwa suka zauna suka raba hanyar gaɓa-gaɓa, kowane gari da nasa. Ranar gayya da asuba maroƙi ya zaga gari, wanda duk ya isa riƙe lauje ya fito. Mu shiga ruwa iya ƙirji, makaɗi na zaune a bakin kwalekwale yana kiran sunayen samari, wanda aka ambaci ubansa ya ƙara nutsa hannu.

Yankan ma da iliminsa. Wani yaro ɗan makaranta ya shiga sarar ciyawa daga sama, yana ta sauri don a gan shi, kawuna ya riƙe masa hannu.

"Ɗan nan, aski kake yi mata? Kafin kasuwa biyu ta ci za ta tofo."

"To Baba, ta ina zan kama?"

"Nutsa hannunka ƙasa. Ta karan take shan iska. In ka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ne zai kashe maka saiwar."

Haka ake yi, a lalubi gindin a cikin laka a ja lauje, ganye na tsaga damtse, matsattsaku na manne a ƙwauri. Na baya su tattara abin da aka yanka su ja shi gaɓa, don in aka bar shi a ruwa ruɓewa zai yi ya ƙara ɓata shi. Can a tudu mata sun jera ƙorai na kunu, Fulanin rugar da ke kusa sun aiko da nono. Na ga manomi da makiyayin da suka sha zuwa gaban alƙali kan ɓarna suna jan dami ɗaya, ba wanda ya tuna wa wani. A zaman cin goro bayan aiki ne kuma sarkin ruwa ya kafa doka: ba zuba maganin ƙwari a ruwa don kama kifi, ba wanke tankin feshi a mashaya. Dokar ta yi aiki, don wanda ya karya ta da waɗanda matsattsaku ya sha jininsu zai haɗu.

Ranar da hanya ta buɗe kwalekwale ya ratsa, baƙin ruwan ya fara motsi, guɗa ta tashi har ƙetare.

Hukuma ma ta shigo daga baya. A 2000 tafkin Nguru da Marma suka shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a 2006 jihohi shida, Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi da Filato, suka kafa asusun kula da kogunan yankin a Damaturu. Aka kawo injin yankan ciyawa, wanda aikin yininsa gari guda ba ya yin sa a mako. Ban raina shi ba. Sai dai tun da ya zo mutane suka koyi jira, ita kuwa kacala ba ta jiran kasafin kuɗi. Kuma gaskiya lauje ba ya kaiwa inda cutar take, don muddin kogi bai samu lokacin bushewa ba ciyawar za ta dawo, dattin masana'antun jima na Kano da ke malala cikin kogin Challawa kuma ba gayyarmu ce za ta tare shi ba.

Bara dattawan garinmu sun sake kiran gayya. Samari suka tambayi nawa za a biya, tsofaffi suka yi ta salati. Ni ban ga laifin yaran ba. Mu da muka shiga ruwa kyauta, kifi muke buɗe wa hanya, kuma mun san daɗinsa. Su yawancinsu acaɓa suke yi a cikin Nguru, ko koma ba su da ita.