Notin Ƙaramin Zarto

Cikin kayan aikin ɗakin kafinta na kwalejinmu, ba wanda na ke so kamar ƙaramin zarton nan da a ke takawa da ƙafa kamar keken ɗinki. Da shi mu ke yanka haruffa da taswirori na katako domin koyar da yara.

Amma yana da ciwo guda. Notin da ke ɗame bakin zarton yakan kwance da kansa, domin girgiza tana juya shi kaɗan kaɗan. Da ya kwance sai baki ya saki, ya bar layi, ko kuwa ya karye. Aikin mako guda ya lalace ke nan, ga katako da tsada.

Ga yadda ni kan yi. Da fari in cire notin, in wanke shi da kananzir, in goge ya bushe, gama datti yana hana shi zama daidai. Sa'an nan in sa washa mai lanƙwasa, in mayar da shi, in ɗame baki. In ƙara noti na biyu a bisansa, in riƙe na ƙasa da sifana, in matse na sama har su ciji juna. In notin ya cinye, sai sabo.

Daga nan in taɓa bakin da yatsa. In ya yi ƙara kamar tsirkiyar molo, ya ɗamu.

'Yan'uwa, makarantun da za a tura mu ba makaniki. Malami shi ne mai gyara, saboda haka mu koya tun muna nan.