Takardar da ke riƙe da baƙin mai

A kan hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi ta shiga Dutsin-Ma, babur ne abin hawan mafi yawan jama'a. Shi ke kai manomi gona, shi ke ɗauko buhu daga ƙauye, da shi ɗan acaɓa ke jigilar ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tun bayan kafa ta a 2011. Da yawa daga cikin baburan nan sun kwana biyu, kuma tsufan babur yakan fara bayyana a ƙasa, inda aka ajiye shi ya kwana: wani ɗan baƙin tabo mai faɗin kwabo, wanda mai shi kan share da ƙafa ya hau abinsa.

Mota tana da wata tasa a ƙarƙashin inji inda baƙin mai ke taruwa. Ƙananan babura irin Honda CG125 da Bajaj Boxer ba su da ita. Mansu yana kwance ne a cikin akwatin injin kansa, yana wanke giya da kulochi gaba ɗaya, kuma murfin da ke ɓangaren dama shi ke tare shi. Tsakanin murfin da jikin inji akwai wata siririyar takarda, gaskit, wadda kaurinta bai wuce kimanin rabin milimita ba. Aikinta cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani a fuskar ƙarafan biyu. Injin mota na ɗaukar lita huɗu ko fiye, don haka yana iya jure ɗan yoyo. Na waɗannan baburan kusan lita ɗaya ce kacal, ga shi iska kaɗai ke sanyaya shi. A zafin bazara, rabin lita ta ɓace, abin da ke biyo baya shi ne a ce inji ya buga, kuma kuɗin gyaransa ya ninka na takardar sau da yawa.

Kamfanin Honda ya fitar da CG125 a 1975 bayan injiniyoyinsa sun lura cewa a ƙasashe masu tasowa ana ɗora wa babur kaya fiye da kima, ba a kuma sauya masa mai a kan kari. Sai suka ƙera inji mai haƙuri da sakaci. Amma haƙurin da datti a cikin mai aka yi shi, bai kai ga rashin man ba.

Me zai sa a yanka gaskit da hannu alhali ana sayar da shi? Wani lokaci samfurin babur ɗin ya tsufa har shagunan kayan gyara sun daina ajiye nasa. Wani lokaci wanda ke kasuwa ya yi siriri, ramukansa ba su dace ba. Tun faɗuwar darajar naira a 2023 kuma, duk abin da aka shigo da shi ya yi tsada, sayen sabon babur ya gagari mutane da dama. Kafin nan, a 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta taɓa hana cinikin baburan hannu a kasuwar Charanchi saboda matsalar tsaro. Duk abin da ya wahalar da sauya babur yakan ƙara wa tsohon daraja, ya kuma ƙara wa bakanike aiki.

Gwanin bakanike ba ya zana komai. Zai tsiyaye mai, ya kwance murfin, ya kankare ragowar tsohuwar takarda da reza a kwance, domin alminiyam ƙarfe ne mai laushi, kuma karce ɗaya mai zurfi hanya ce da mai zai bi har abada. Daga nan ya shimfiɗa sabuwar takarda a kan murfin, ya ɗauki ƙaramar guduma mai zagayayyen kai yana ƙwanƙwasa gefe a hankali. Kaifin ƙarfen ne ke yanka takardar, guduma taimako kawai take yi. Yakan fara da ramukan noti biyu, ya zura notin don kada takardar ta goce, sannan ya zagaya. Abin da ke bambanta shi da koyo shi ne ƙaramin ramin da mai ke bi a wasu injuna. Idan aka manta da shi, yoyo zai tsaya cak, mai babur ya tafi yana godiya, wani sashe na injin kuwa yana gudu a bushe.

Takardar gaskit ta ainihi ita ta fi, domin an yi ta don jure mai da zafi. Kwali mai santsi, marar rami a ciki, yakan fitar da mutum kunya a kan murfin gefe na ɗan lokaci. A kan silinda, inda fetur ke ƙonewa, ba shi da gurbi ko kaɗan.

Babbar ɓarnar tana zuwa ne daga gam. Yana da arha, yana da sauri, kuma lafta shi da yawa yana kama da ƙwazo. Sai dai idan aka ɗaure murfi, abin da ya tsattsafo waje yana da ɗan'uwa da ya tsattsafa ciki. Wannan na cikin yakan ɓalle ya bi mai, ya je ya toshe 'yar rariyar da ke tace man kafin famfo ya ja shi. Gaskit mai kyau a kan fuska mai tsabta ba ya buƙatar fiye da shafen giris, wanda ke riƙe shi a wurinsa, ya kuma sa ya fita lafiya a kwancewa ta gaba.

Ɗauri ma yana da ƙa'ida. Ana bin notocin ne a gicciye, wannan sannan na daura da shi, kaɗan-kaɗan har zagaye biyu ko uku. Wanda ya danne sifana da dukan ƙarfinsa zai lanƙwasa murfin ko ya cinye zaren ramin, kuma daga ranar babu takardar da za ta tare man. Bayan an zuba sabon mai, ana barin inji ya yi zafi, a kashe, a goge ƙarƙashinsa tas, a ajiye babur ɗin a tsaye sosai kafin a duba sandar awo, domin jingine a kan jaki na gefe ba ta nuna gaskiyar abin da ke ciki.